Babban Yatsan Merv

Litinin, da yamma

Kekuna uku aka dawo mana da su yau, duka ciwo ɗaya. Sarƙa tana dukan ƙarfe kwal-kwal-kwal tun daga kan dutse har gindinsa, ta ɗaya ma ta zame gaba ɗaya. Mai shi, wani ɗan Melbourne mai gemu kamar tsintsiya, ya turo keken da ƙafa yana huci. Na ba shi haƙuri, na haɗa masa shayi, na ce laka ce. Laka! Ni Glenys, da muka buɗe shagon nan tun ranar da aka fara sare hanyoyin keke a dajin Derby, na dubi mutum ido cikin ido na ce masa laka ce.

Mijina Merv na can baya yana wanke hannu. Bai ji ba, ko kuma ya ji.

Duka ukun shi ya duba su makon jiya.

Talata, da sassafe

Na sauko shago mijina yana barci. Hazo ya rufe kogi ruf, sanyi har cikin haƙori.

Bari in rubuta yadda ya koya mini, ko hankalina zai kwanta. A gefen tayar baya akwai macanjin giya, ƙarfen nan mai dogon hannu da ke tura sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan. A gwiwar hannun akwai kuloci, cikin ɗan murfi mai sukuru uku. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe hannun kada ya yi ta lilo in keke na tsalle a kan duwatsu. In ya yi sako-sako, sarƙa ta yi ta duka har ta faɗi. In ya yi tsauri, giya ta ƙi shiga. Ɗan sukuru guda ne ke raba biyun, kwatar juyi ta isa ta gyara ko ta ɓata. Merv ba ya aunawa da komai sai babban yatsansa na dama. Ya kunna kulocin, ya tura hannun gaba, ya karkata kai kamar mai sauraro, ya ce, "Ya yi." Duk garin nan an san in Merv ya ce ya yi, to ya yi.

Na bi kekunan haya da ya taɓa jiya ina turawa da nawa yatsan. Kowanne ya tafi salin-alin, ko gardama babu. Na ɗauko ɗan makulli na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, na goge inda na taɓa kamar ɓarauniya. Kafin ya sauko na ɗora buta a wuta.

"Shugaba, yau me ya tashe ki da wuri haka?"

"Minsharinka, tsoho."

Ya yi dariya. Na zuba masa shayi.

Laraba, da rana

Ya miƙo mini kwalbar zuma in buɗe, wai masu yin murfi yanzu mugaye ne. Ina kamawa na ji za ta buɗe ba wuya. Sai na yi ta nishi, na naɗe ta da tsumma, har da zagin kamfanin.

Alhamis, da yamma

Ruwa wuni guda. Ya zauna gaban murhu yana murza tafin hannunsa na dama. Da ya ga ina kallo ya tura shi aljihu.

Juma'a, da hantsi

"Glen! Zo ki ga ikon Allah."

Na same shi tsugune gaban ɗaya daga cikin kekunan da na ɗaure ranar Talata.

"Wannan da hannuna na daidaita shi. Taɓa ki ji. Ya ƙame ƙam."

Na taɓa. Daidai yake, yadda shi ya koya mini, ba ƙari ba ragi.

"Da ɗan tsauri kam," na ce. Allah ya yafe mini.

Ya ɗaga keken ya rataye, ya kwance murfin. Na tsaya ina kallo, don har yau ban gaji da kallon aikinsa ba. Ya zare zoben ƙarfen da ke matse ɗan gangan na ciki, ya goge shi tas, ya lakato giris kaɗan ya shafa a bayan gangan kawai. Kullum faɗansa ke nan, ko ɗigo kada ya shiga ciki, in ya shiga kulocin zamewa zai riƙa yi. Ya duba robar bakin murfi ko ta tsage, don ta nan ruwa ke shiga in waɗannan yaran birni sun feshe keke da injin wanki. Komai yana kansa, bai manta ko ɗaya ba. Wajen mayar da murfin ne sukuru ɗaya ya kuɓuce masa ya gangara ƙarƙashin benci. Ban taɓa ganin sukuru ya kuɓuce wa Merv ba. Na durƙusa na ɗauko, ban dube shi ba.

Sannan ya shiga sassautawa. Ya juya, ya tura da yatsa, bai tafi ba. Ya ƙara. Ya ƙara. Sai da yatsan ya iya turawa ya karkata kai.

"Yauwa. Yanzu ya yi."

Yatsan ne ya rage ƙarfi, shi kuwa gani yake ƙarfe ne ya ƙara tauri. Gobe da sassafe zan sake saukowa.

Lahadi, bayan cin abincin rana

Col ya biyo. Shi ke kwasar mahaya da kekunansu a motarsa zuwa kan dutse, kuma abokin Merv ne tun suna samari a injin katako. Ya ci naman rago da dankali har faranti biyu, sannan ya goge baki ya fara halinsa.

"Kai tsohon kwano, me kuke yi wa kekunan mutane ne? Jiya tun daga nesa nake jin wani naku yana saukowa, kamar an ɗaura wa kare gwangwani a bindi."

"Ji mai magana! Kai da ko tayar motarka sai ka kira ni."

"To ni dai na ji da kunnena."

"Sanyi ne," in ji Merv. "Giris ɗin yanzu na banza ne, dare ɗaya ya daskare. Kuma daga kamfani a ƙame suke zuwa. Sai na yi ta sassautawa."

Col ya ɗago kai. Ya dubi yadda Merv ya riƙe kofi da hannu biyu, sannan ya dube ni. Na tashi na kwashe kwanuka da ƙarfi har ɗaya ya fashe a bakinsa.

Col na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Des, yayan Merv. Shi ma Des da hannu ciwonsa ya fara, cokali ya riƙa faɗuwa. Ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, da sassafe

Na ɗaure.

Talata, da magariba

Ya sassauta. Yanzu kuma sabon salo ya fito da shi: ya cire macanjin kekuna huɗu ya jera su a kan jarida gaban murhu a falo, wai su kwana da ɗumi ya ga ko za su ƙame. Gidan duk warin giris. Na ce, "Haba Merv, ko yaranmu ba ka yi wa wannan gatan ba." Ya ce yaranmu ba sa ƙamewa.

Ina kallonsa yana juya su kamar mai gasa masara, sai na tashi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo. Ina jin tsoro. To, na faɗa. Tsoro nake ji kamar in mutu.

Laraba, da rana

Na yi wauta. Na ce masa na ga yaran shagon da ke gangare suna maƙala ɗan sikeli mai ƙugiya a hannun macanji su ja, su karanta nauyin. Na ce ko mu ma mu gwada, tunda akwai na auna kifi a rumfa.

Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali.

"Sikelin kifi."

"Don a huta ne kawai."

"Wa ya ce miki na gaji? Shekara nawa yatsan nan yana ciyar da ke, yau za ki haɗa shi da sikelin kifi?"

"To ni na ce wani abu ne?"

"Ki ce mana, Glenys. In akwai magana a bakinki, ki ce."

Ya tsaya yana jira. Ya kamata in faɗa. Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa, na ga idonsa, shi ma tsoron ne a ciki. Sai na ce ni dai miya na bari a wuta, na fita. Babu wata miya.

Juma'ar Ista, da yamma

Gari ya cika maƙil. Motoci daga Hobart da Launceston har bakin gada, kowa da keke a baya. Mun ba da hayar duk abin da ke da taya. Ni ce karɓar kuɗi, ni ce wanki, ni ce mai cewa a kashe kuloci kafin a cire tayar baya, har muryata ta dushe. Wani ya zo da nasa yana ƙara ƙiii kamar tsohuwar ƙofa, bushewa ce kawai, Merv ya gano tun daga bakin titi da kunne. Kunnen lafiya lau yake.

Duk keken da ya sauka daga hannunsa sai in ce bari in goge masa laka a baya. Can nake ɗaurewa. Babban yatsana ya kumbura.

Lahadi, da safe

'Yarmu ta kira daga Perth. Ta ce yaya Baba. Na ce yana nan da rigimarsa. Ta ce muryata wani iri. Na ce mura ce.

Talata, da rana

Ya kasa ɓalle maɓallin hannun rigarsa. Ya fita da shi a haka. Ban yi tayi ba, don na san abin da zai biyo baya.

Yau na ji haushinsa, gaskiya. Mutum da wayonsa, ya zauna yana zargin sanyi, yana zargin giris, yana zargin mutanen da bai taɓa gani ba a wata ƙasa. Ni kuma na zama jakar gida, ina bin bayansa da makulli. Na ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza. Da ya shigo da yamma ya kawo mini tuffa daga bishiyar maƙwabta a cikin hularsa, haushin ya rasa wurin zama.

Asabar, da magariba

Na je Scottsdale cefane da safe. Bari in rubuta a hankali.

Tahlia ce ta zo bayan na fita. Yarinyar da ke yi wa baƙi jagora a daji, a gabanmu ta girma, Baba Merv take ce masa tun tana tura keke mai taya uku. Gobe ne tserenta, ta kawo nata ya duba mata kuloci don giya na ɗan yi mata nauyi. Ya duba. Ta biya shi da sumba a kumatu, ta hau motar Col ta tafi gwaji.

Ba na nan. Ba na nan, ban goge laka ba.

A gangaren nan mai faffaɗan dutse, inda dole mutum ya miƙe ya taka feda da ƙarfi kafin ya tsallake rami, sarƙar ta riga ta faɗi. Ta taka iska. Col ne ya sauko da ita. Kafaɗa ta karye, fuska ta goge gefe guda. An wuce da ita asibiti a Launceston. Sun ce za ta warke, amma ita da keke sai bayan hunturun nan namu da ke shigowa, aikin jagorar kuma ya tsaya.

Merv ya ce, "Na gaya muku kayan nan na banza ne." Sau uku ya faɗa. Bai ci abinci ba.

Lahadi, da hantsi

Col ya tare ni a bayan shago wurin wanki.

"Na taɓa keken yarinyar nan kafin in sauke shi, Glen. Hannun yana lilo kamar wutsiyar saniya."

"To sai me? Faɗuwa ta yi, komai na iya kwancewa."

"Kada ki mayar da ni yaro. Ina ganin fitilar shagonku da asuba in zan wuce."

Na ce ya kula da abin da ya dame shi. Na ce masa abubuwa da yawa da ba zan maimaita ba, har da batun matarsa da ta gudu. Ya tsaya ya shanye, ruwan tiyo yana jiƙa masa takalmi.

"Kin gama? To ki gaya masa, ko ni in gaya masa. Wannan karon kafaɗa ce. Na gaba ban san me zan ɗauko daga kan dutsen nan ba."

"Maganar za ta kashe shi, Col."

"Ba maganar ce za ta kashe shi ba," in ji shi, ya juya. Ashe kuka yake, ƙaton banza.

Litinin, da yamma

Ban faɗa ba.

Talata, da yamma

Ban faɗa ba. Na rufe shago na ce ana ƙirga kaya.

Laraba, da la'asar

Na neme shi ban gani ba, sai na ji motsi a rumfar bayan gida inda muke tara itace. Ya jawo tsohon kekena kore daga ƙarƙashin tamfol. Rabona da hawansa tun kafin Kirsimeti da gwiwata ta fara ciwo. Ya share yanar gizo, ya zauna a kan kututture, keken a gabansa.

"Glen, kin taɓa wannan?"

"A'a."

"Col fa? Ko wani?"

"Ba wanda ya taɓa. Kai ka daidaita shi bara, ranar da muka je tafki."

"Na tuna. Na ce miki ya yi."

Ya sa babban yatsansa na dama ya tura. Ina ganin farcen ya yi fari, hannun yana karkarwa har gwiwa, ƙarfen ko gezau. Ya huta, ya sake. Sannan ya sa na hagu, wanda bai taɓa aunawa da shi ba. Hannun macanjin ya tafi gaba da ɗan nauyinsa mai kyau, ya tsaya inda ya kamata.

Ya daɗe yana kallon yatsun biyu a kan gwiwoyinsa.

"Ashe ba sanyi ba ne."

Ya ɗago ya dube ni.

"Waɗanda nake tararwa a ƙame da safe, ke ce?"

"Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Ista."

"Na Tahlia fa?"

"Ina Scottsdale."

Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa, da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Kin sha sanyi, shugaba." Nan na zube a kan itacen nan ina kuka da ƙarfi kamar yarinya, shi da ya kamata a rarrasa shi ke bubbuga mini baya da hannun hagu.

Juma'a, da safe

Mun tafi Launceston ganin likita. Ya tsaya a jikin mota ya miƙo mini makulli. Tunda muka yi aure ban taɓa tuƙa shi a hanyar nan mai kwana-kwana ba, kullum cewa yake ina taka birki kamar mai kashe kyankyaso. Yau har muka isa bai ce uffan ba.

Juma'a, da magariba

Likitar yarinya ce, tana da kirki. Ta sa ya matse yatsunta, ta ƙwanƙwasa nan da can, ta tambayi labarin Des. Akwai sauran gwaje-gwaje, in ji ta. Amma ta faɗi sunan ciwon. Ni ba zan rubuta shi ba.

Mun sayi burodin nama a hanya, ba wanda ya ci.

Asabar, da rana

Ya tashi ya aske gemu, ya yanke kansa wuri biyu. Ya miƙo mini hannun riga na ɓalle masa. Ya ce in kai shi Branxholm, gidan uwar Tahlia, an sallamo ta.

Na ce, "Bari ka huta tukuna, Merv. Ba wanda ya ce kai ne."

"Shi ya sa."

Muka same ta a baranda an rataye mata hannu a wuya, rabin fuska duk ɓawon ciwo. Tana ganinsa ta fara murmushi da gefen da ke motsi.

"Baba Merv! Ka zo ganin gwanar faɗuwa? Kada ka damu, kayan yanzu ne, kai ma ka sha faɗa. Zan rubuta wa kamfanin in wanke su tas."

Da ya yi shiru da ya tsira, ita da kanta ta ba shi mafita. Ya cire hula. Ya ɗaga hannun nan nasa na dama a gabanta da gaban uwarta, yana rawa, bai ɓoye shi a aljihu ba.

"Kada ki rubuta wa kowa, 'yata. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Ni na sassauta miki shi. Hannuna ne ya mutu ban yarda ba."

Tahlia ta dubi hannun, ta dube ni. Murmushin ya tafi. Ba ta ce masa "ba komai" ba, ban kuma ga laifinta ba. Uwarta ce ta jawo masa kujera, ya ƙi zama.

A mota ya ce ranar Litinin in kira duk wanda ya kawo keke tun watan jiya, su dawo da su. Ya ce ni zan tsaya a benci, shi zai tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa kowa dalili da bakinsa.

Na ce to. Na tada mota, ta mutu, na sake tayarwa.